Ajin Bitar Falsafar Kimiyyar Zamantakewa a Birnin Kebbi: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu

Bayan shekara 16 ina koyar da darasin Gwamnati a makarantar sakandare, na koma jami'a domin ƙaro karatu a fannin nazarin zamantakewa, kuma babu kwas ɗin da ya ɗaure mini kai kamar falsafar kimiyyar zamantakewa. Sauran kwasa-kwasan suna miƙa wa ɗalibi abin da zai riƙe, wato ma'ana da rabe-rabe da misalai, amma wannan tsayar da shi yake yi ya tambaye shi ko abin da ake koya masa a sauran ya cancanci a kira shi ilimi, ta wace hanya aka san shi, kuma wa ya tabbatar. Da na ga rabin zango ya wuce ban iya bambance manyan masanan fannin, Durkheim da Weber, ba sai dai in ce na farko Bafaranshe ne na biyu Bajamushe, sai na bi shawarar wani abokin karatuna na yi rajista a ɗaya daga cikin cibiyoyin bita masu zaman kansu da ke unguwar Badariya. Irin waɗannan cibiyoyi sun ƙaru a garin tun bayan da aka buɗe jami'ar tarayya a 2013, kuma galibinsu lissafi da Turanci suke yi, shi ya sa na yi mamakin samun wadda ta ɗauki wannan kwas da muhimmanci.

Kuɗin rajista naira 15,000 ne na mako 8, ana zama ranar Asabar da Lahadi daga bayan la'asar zuwa magariba, sannan akwai handawut da ake sayarwa daban a kan naira 2,500. Ajin shago biyu ne aka fasa bangon tsakaninsu, da bencina da farin allo da fanka biyu, kuma mun kai mu 30 idan kowa ya zo, ɗaliban nazarin zamantakewa da kimiyyar siyasa da 'yan tsiraru daga tattalin arziki. A watan Afrilu muka yi namu, wanda duk mazaunin Birnin Kebbi ya san abin da hakan yake nufi a ɗaki mai rufin kwano. Wurin ba abin yabo ba ne, amma ba shi na je saye ba.

Abin da na je saye na same shi a zaman farko. Malamin, wanda ba zai wuce shekara 40 ba, bai fara da ma'anar falsafa ba. Ya ce duk wanda mahaifiyarsa ba ta kiran sunansa saboda shi ne ɗan fari ya ɗaga hannu, sai mutum takwas suka ɗaga, har da ni. Ya tambaye mu wa ya hana ta. Muka duba, babu dokar ƙasa, babu ɗan sanda, kuma addini bai haramta ba, amma ga shi ta yi shekara da shekaru tana kewaye sunan ɗan da ta haifa. Wata ɗaliba ta ce, "Allah shi gafarta Malam, ai yayata tana kiran ɗanta na fari da sunansa, kuma babu abin da ya same ta." Malam ya ce, "Me uwar mijinta ta ce?" Ɗalibar ta yi jim, sannan ta ce, "Cewa ta yi 'yan boko ba su da kunya." Ya ce, "To, wannan maganar ita ce tarar da yayarki ta biya." Daga nan ne ya rubuta sunan Emile Durkheim da shekarar 1895 a allo, ya bayyana cewa abin da mutumin ya kira al'amarin jama'a shi ne duk wata hanya ta aikatawa ko tunani da mutum ya tarar a waje da kansa, ba shi ya ƙirƙira ta ba, kuma tana matsa masa lamba ko da bai ji nauyinta ba sai ranar da ya saɓa mata. Durkheim ya ce a nazarci irin waɗannan al'amura kamar yadda ake nazarin abubuwa masu jiki, a ƙirga su, a kwatanta, a nemo dalilinsu a cikin wani al'amarin jama'a, ba a cikin zuciyar mutum ɗaya ba. Na karanta wannan ma'ana da Turanci fiye da sau goma kafin ranar, amma sai da aka bi ta ɗakin mahaifiyata ta zauna mini.

Wannan ita ce hanyar malamin, kuma ita ce ta sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Ba ya kawo misalin gida don ado. Yana kawo shi ne don a gwada ra'ayin a kansa, a ga inda ya tsaya da inda ya karye. Da ya zo kan Max Weber (wanda yawancinmu muke kira Weba, shi kuwa ya nace cewa Jamusawa ba haka suke furta shi ba, har ya gaji ya ƙyale mu), sai ya ɗauke mu zuwa Argungu. Ya ce mu ɗauka wani baƙo ya tsaya a bakin kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi da kyamara da littafi, ya ga dubban mutane sun ruga cikin ruwa da gora da homa, ya ƙirga su, ya auna nauyin kifin da aka kama, ya rubuta tsawon lokacin da aka ɗauka. Duk abin da ya rubuta gaskiya ne, amma idan ya kammala da cewa ya ga mutane suna neman abinci, bai fahimci komai ba. Wani ya shiga ne don kyauta, wani don sunan gidansu na masunta, wani don kada a ce ya tsufa, kuma bikin kansa yana ɗauke da tarihin ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ta zama alamar ƙarshen doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Babu sikelin da zai auna wannan. Weber ya ce aikin mai nazarin zamantakewa shi ne ya fahimci manufar da mai aiki ya ɗora wa aikinsa, domin dutsen da ke gangarowa ba shi da niyya, ɗan Adam kuwa yana da ita. Malam bai bar mu mu zaɓi gwani cikin sauƙi ba. Ya juyo ya tambayi waɗanda suka karkata ga Weber yadda za su tabbatar masuncin bai faɗa musu abin da yake so su ji ba, sannan ya tambayi 'yan Durkheim abin da alƙaluma za su gaya musu idan ba su san abin da ake ƙirgawa ba. Muka tashi ranar ba a raba gardama ba, kuma da gangan ya yi hakan.

Haka ya yi da muhawarar ko daga ɗaiɗaikun mutane ake fara bayani ko daga al'umma a dunƙule. Ya ɗauko shirin bai wa manoman shinkafa rance da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ya tambayi dalilin da ya sa biyan bashin ya zama matsala. Ɗaliban tattalin arziki suka ce kowane manomi ya yi lissafinsa ne ya ga rashin biya ba shi da hukunci, wasu suka ce akwai fahimtar da aka gada cewa kuɗin gwamnati rabo ne ba bashi ba, wani ɗan Suru kuma ya ce a bar falsafa, ambaliyar 2020 ta cinye gonarsu. Malam ya nuna mana cewa amsoshin nan uku ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace tana buƙatar nata irin shaidar.

Inda ajin ya fi burge ni shi ne makon da aka ware wa Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406. Yawancin malamai ambatonsa suke yi cikin jimla ɗaya, a ce shi ma ya riga Turawa, a wuce, kamar ana biyan zakka. Nan kuwa an karanta shi. Malam ya kawo yadda ya soki masu tarihi a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, saboda sun ruwaito cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000, ya nuna cewa filin ba zai ɗauki irin wannan runduna ba, cewa Farisa da duk girman daularta mutum 120,000 ta tara a yaƙin Ƙadisiyya, kuma tsatson da ke tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa bai kai yawan da zai haifar da wannan adadi ba. Ya lissafo mana dalilan da Ibn Khaldun ya ce suna shigar da ƙarya cikin labari, kamar son ɓangare, da yarda da mai ruwaya fiye da kima, da neman kusanci ga masu mulki ta hanyar yabo, da babbansu, wato jahiltar ɗabi'ar zaman al'umma. Ga ɗalibin da ya taso a makarantar zaure ya san yadda ake tantance maruwaitan hadisi, wannan ƙofa ce a buɗe, domin Ibn Khaldun da kansa ya bambance cewa binciken amincin mai ruwaya shi ne ma'auni a labaran shari'a, amma a labarin abin da ya auku sai an fara duba ko abin zai yiwu. Wani ɗalibi mai karatun littattafai, wanda tun farko yake zaune a baya yana kallon kwas ɗin da ido ɗaya, daga ranar ya dawo benci na gaba.

Shi ne kuma ya tayar da rigimar da na fi tunawa. Da aka zo kan Auguste Comte da ra'ayinsa cewa tunanin ɗan Adam yana bin mataki uku, daga bayanin addini zuwa na falsafar gaibu zuwa na kimiyya, ɗalibin ya miƙe ya ce ba zai rubuta cewa addini yarintar hankali ba ce, ko da za a kayar da shi. Ajin ya yi tsit. Malam bai yi masa dariya ba, bai kuma lallaɓa shi ba. Ya ce, "Ustaz, ba a ce ka yi imani da shi ba, an ce ka san abin da ya faɗa daidai yadda ya faɗa, sannan ka rushe shi da hujja idan kana iyawa." Ya tuna masa cewa malaman tauhidi sukan kawo shubuhar abokin gardama cikakkiya kafin su warware ta, sannan ya ƙara da cewa shi kansa Comte, kafin ya mutu a 1857, sai da ya ƙirƙiro wani addini na bautar ɗan Adam, da limamai da kalanda, wanda hakan kaɗai ya isa a tambayi ko matakin nasa na uku ya taɓa isowa. Ya ba shi aikin gida ya rubuta shafi biyu na suka, da sharaɗin kada ya kawo aya ko hadisi, domin wanda ake gardama da shi bai yarda da su ba. A mako na gaba ɗalibin ya karanta abin da ya rubuta, kuma shi ne rubutu mafi kyau da aka yi a ajin.

Irin wannan natsuwa ya nuna da aka kawo labarin Azande na yankin Sudan ta Kudu, waɗanda masanin al'adu Evans-Pritchard ya wallafa nazarinsa a kansu a 1937. Rumbu ya rufto a kan mutanen da ke hutawa a inuwarsa, kuma kowa a garin ya san gara ce ta cinye ƙafafunsa, amma suna tambayar me ya sa ya faɗi a daidai wannan lokaci a kan daidai waɗannan mutane, sai su ce maita. Babu wanda ya buƙaci a fassara masa wannan a ajinmu. Abin da Malam ya sa mu yi shi ne mu raba tambaya biyu, ko imanin gaskiya ne, da kuma wane aiki yake yi a zaman mutanen, sannan ya kawo masanin falsafa Peter Winch, wanda ya yi gardamar cewa ba daidai ba ne a auna tunanin wata al'umma da ma'aunin kimiyyar Turai. Wasu suka ji daɗin Winch har sai da Malam ya tambaye su abin da za su ce idan aka kama wata tsohuwa a ƙauyensu aka ce mayya ce aka doke ta, ko nan ma za su ce kowace al'umma da ma'auninta.

Daga mako na shida abubuwa suka fara sukurkucewa, kuma dole in faɗa domin mai niyyar biyan kuɗinsa ya sani. An cusa masana falsafar kimiyya Karl Popper da Thomas Kuhn a zama ɗaya, aka kuma fara a makare da kusan rabin awa saboda mai riƙe da makulli bai zo ba. Popper ya samu rabonsa daidai gwargwado. Malam ya ce ko belbela dubu ka gani farare ba ka tabbatar da cewa duk belbela fara ce ba, amma baƙa guda ɗaya ta isa ta rushe maganar, don haka ra'ayin da ya cancanci sunan kimiyya shi ne wanda ya faɗi abin da idan ya faru an ƙaryata shi, wanda shi ne jigon abin da Popper ya wallafa a Biyana a 1934. Kuhn kuwa minti 15 ya samu ana kiran sallar magariba. Aka ce mana a 1962 ya nuna cewa masana suna aiki ne a cikin wani tafarki da suka yi tarayya a kansa har sai matsaloli sun yi yawa a sauya, shi ke nan. Ba a gaya mana abin da ya fi shafarmu ba, wato cewa Kuhn ya faɗa da bakinsa cewa zama da masana zamantakewa ne ya sa ya lura suna saɓani a kan tushen fanninsu ta yadda masana taurari ko sinadarai ba sa yi, kuma daga nan tunanin ya zo masa. Tambayar ko fanninmu yana da tafarki ɗaya ko ba shi da shi ita ce ta kamata ta ci zama guda cur, sai ga shi a littafi na tsinto ta daga baya.

Mako biyu na ƙarshe kuwa malamin bai zo ba gaba ɗaya, aka ce ya yi tafiya, aka turo wani matashi da ya zo da tsofaffin tambayoyin jarrabawa yana karanto amsa muna rubutawa. Ya ce mu haddace bambanci biyar tsakanin kimiyyar halitta da ta zamantakewa, da suka huɗu a kan mazhabar Comte, kowanne da lambarsa. Da na tambaye shi dalilin da ya sa na uku ya bambanta da na biyar, tunda a ganina magana ɗaya ce, sai ya ce, "Baba, haka dai ake so a jarrabawa." Ban ga laifinsa sosai ba, abin da aka koya masa ya koyar, amma wannan shi ne ainihin abin da na gudo daga gare shi, kuma cibiyar ba ta sanar da mu tun farko cewa kashi ɗaya cikin huɗu na zaman wani ne zai yi ba. Babu wanda ya yi maganar rage kuɗi, kuma da yake ba a ba mu rasit ba, babu abin da za a riƙe a yi magana.

Handawut ɗin ma bai dace da ajin ba. Shafi 62 ne na fotokofi, wasu shafukan sun dushe, an tattaro su daga wurare daban-daban ba tare da an daidaita ba, kuma babu ko ɗaya daga cikin misalan gida da suka sa ajin ya yi armashi. A wani wuri an rubuta cewa Weber ya mutu a 1902 maimakon 1920, wanda ke nufin ya rubuta sanannen nazarinsa kan alaƙar ɗabi'ar Furotesta da jari-hujja, na 1904 zuwa 1905, yana cikin kabari. Na nuna kuskuren, aka yi godiya, amma na ga kwafin da aka sayar wa wani bayan mako uku bai canza ba. Sautin darasin da ake turawa a zauren WhatsApp yana da amfani ga wanda ya rasa zama, sai dai ranar da aka tayar da janareto, shi ake ji fiye da malamin.

Akwai giɓin da ya fi waɗannan girma a wurina. Ajin da ya yi wa Ibn Khaldun adalci ya kamata ya iso gida sosai, amma Claude Ake, masanin kimiyyar siyasa ɗan Najeriya, wanda tun 1979 ya yi gardamar cewa kimiyyar zamantakewar da Yamma ke koyarwa a kan ƙasashe masu tasowa wani salo ne na mulkin mallaka, sunansa kawai aka ambata. Masanin tarihi Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koya wa ɗalibai su tuhumi kowace madogara har da rubutun matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, ko ambatonsa ba a yi ba, alhali Barth ɗin ya sauka a Gwandu a 1853, nan kusa da mu, kuma tambayar abin da baƙo yake iya gani da abin da ke ɓoye masa ita ce muka yi ta jujjuyawa a bakin Matan Fada. Da an rage zaman haddar amsoshi an ba waɗannan biyu, da kwas ɗin ya cika.

Sai batun harshe, wanda ke da fuska biyu. Bayanin da Hausa ake yi, sunayen ra'ayoyin kuma a rubuta su da Turanci a allo, kuma ba na shakkar cewa wannan ne ya sa waɗanda ba sa buɗe baki a lakca suka yi ta gardama a nan. Amma kalmomin Hausar ba su zauna ba, abin da aka kira tafarki yau gobe a kira shi mazubi, kuma jarrabawa da Turanci ake rubuta ta. Malam ya san da wannan, shi ya sa yake ware minti goma na ƙarshe kowa ya rubuta sakin layi ɗaya da Turanci a kan abin da aka tattauna. Dabara ce mai kyau da a ce ana dawo da takardun. Cikin guda goma sha biyu da na miƙa, uku suka dawo hannuna, kuma gyaran da ke kansu mai ma'ana ne, wanda hakan ya ƙara mini takaicin sauran taran. Tashi da magariba kuma yana wahalar da ɗalibai mata, musamman masu komawa wajen Kalgo, har biyu daga cikinsu suka daina zuwa tun mako na huɗu.

Ga wanda abin da yake nema shi ne ya tsallake jarrabawa kawai, naira 17,500 ta yi yawa, domin tsofaffin tambayoyi suna nan a kowane shagon fotokofi. Ga wanda yake shirin rubuta kundin kammala digiri kuma yake so ya san dalilin da zai sa ya zaɓi raba takardar tambayoyi ko zama da mutane ya yi hira da su, zama goma sha biyun da malamin ya yi da kansa sun fi ƙarfin kuɗin. Ni dai na canza tsarin nawa binciken a kan adashen matan kasuwa bayan darasin Weber, na rage takardun tambayoyi na ƙara hira. An ce za a buɗe sabon zagaye a farkon zango mai zuwa, kuma ƙanena da ke aji biyu ya ce zai shiga. Na ce masa kafin ya miƙa ko sisi ya nemi a rubuta masa wanda zai koyar a kowane mako, ya karɓi rasit, kuma kada ya sayi handawut, zan ba shi littafin da na rubuta a aji.